Ranar da Na Bi Takardar Basha zuwa Hayyin Ashir

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, har da ranar da aka ɗauke ni, amma ban taɓa iya mantawa da wata Laraba ta watan Agusta ba, a shekarata ta huɗu a shagon Haj Fathi. Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan gara ku ji labarin daga bakina, domin idan Haj ne zai ba ku, rage gudun da na sha yake yi.

Sunana Habu, mutumin Damagaram. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, Faransanci kuma ya ba ni aiki. Shagonmu yana wani lungu a bayan kasuwar Ataba, tsofaffin takardu muke sayarwa: taswirori, katunan gidan waya, sai kuma abin da aka fi saninmu da shi, takardun lamuni na kamfanonin jirgin ƙasa. Ga wanda bai san su ba, a zamanin da idan kamfani zai shimfiɗa layin dogo kuɗinsa bai kai ba, sai ya ranta daga jama'a. Kowane mai ba da rance a miƙa masa babbar takarda mai zanen jirgi yana tuƙa hayaƙi, Faransanci a gefe ɗaya, Larabci a ɗaya gefen, a ƙasa kuma ga ƙananan tikitoci da ake yankewa a je a karɓi riba. Kamfanonin nan sun mutu tuntuni, ba wanda zai biya ka komai a kansu. Masu tara su sa hannu suke bi. Idan wani babban attajiri mai masaƙu ko matatar sukari ne ya sa hannu da alƙalaminsa, to za ka ga dattijo mai furfura yana rawar jiki a kan takarda kamar an nuna masa jikansa na fari.

Haj Fathi shi ne mai shago, shi kaɗai ke yanke farashi. A ƙarƙashinsa akwai mai tantancewa, wanda ke raba ta gaske da ta jabu. Ni a lokacin mai rubuta bayani ne: in karanta takarda, in rubuta kamfani, shekara, girma da wanda ya sa hannu. Akwai kuma ƙa'idoji biyu da duka muke kira amana. Ta farko, mutum ya kawo takardun gidansu mu sayar masa. Muddin ba a gama ciniki ba, takarda tasa ce, yana iya cewa a mayar masa a kowane lokaci. Ta biyu, mai saye da aka yarda da shi ya tafi da takarda masaukinsa ya kwana biyu yana dubawa, sannan ya dawo ya biya ko ya mayar. A wannan zaman ba a naɗe ta, ba a goge ta, ko shatin yatsa ba a so. Haj ba ya ba baƙo irin wannan amana sai wani a cikinmu ya tsaya masa.

Alhaji Ɗanjuma Bakano ne, ɗan kasuwa, yakan zo Ataba sarin abaya da dardumar salla. Gudun rana ne ya faɗo da shi lungunmu karon farko, ya ga hoton jirgi a jikin gilashi ya tsaya cak. Ashe mahaifinsa aikin reluwe ya yi a Kano, mai zuba kwal a wutar inji. Tun daga ranar, duk zuwan da zai yi sai ya sayi takarda ɗaya ko biyu, masu sauƙin kuɗi. Yakan ce yana tara hannun masu kuɗin da irin su babansa suka sha hayaƙi dominsu. Da ya ji ni Badamagare ne kuwa, shi ke nan na shiga uku, don kun san tsakaninmu da Kanawa ba a gaisawa sai an tsokani juna.

"Kai Habu," in ji shi, "garinku ko kukan jirgi ba a taɓa ji ba, wai kai ne mai sayar da takardunsa. Duniya ta lalace."

"Alhaji, mu ba mu san jirgi ba, amma muna karanta abin da ke jikin takardar. Ku Kanawa hoto kuke saya."

Ranar Litinin ta wannan makon ya shigo ya tarar da wata sabuwar shigowa a kan tebur, wadda muke kira takardar Basha. Ta zo ne cikin akwatin takardu da wani magidanci ya kwaso daga gidan mahaifiyarsa, Madam Su'ad, a unguwar Masar Jadida. Ta wani ƙaramin layi ce da aka shimfiɗa don kwasar auduga. Faɗinta ya kai na babban faranti, ba a yanke tikitinta ko ɗaya ba, a ƙasa kuma ga sa hannun wani Basha, wato babban mai muƙami na zamanin da, mai masaƙu, da tawada ruwan ƙasa. Alhaji ya duba ta daga sama har ƙasa. Sannan ya ce yana so, amma kuɗinsa na cikin kaya sai ranar Alhamis, a bar shi ya tafi da ita ya kwana yana kallo. Shekara uku ina hulɗa da mutumin nan ban taɓa ganin ya saɓa magana ba, don haka na tsaya masa.

Haj ya dube ni ta saman tabarau. "A wuyanka, ya Habu."

"A wuyana, ya Haj."

Laraba da hantsi ina jera katuna wayar shago ta yi ƙara. Na ga Haj ya miƙe tsaye yana magana, abin da ba ya yi sai da manya. Da ya ajiye ya ce, "Madam Su'ad ce da kanta. Ɗanta ya kwaso akwatin ba ta sani ba. Ta ce a sayar da komai ban da takardar nan, sa hannun kakanta ne. Tana son ta a hannunta kafin magariba, na ce mata tamam, an gama. Yalla, yi maza, kira mutuminka."

Na kira, waya a kashe. Alhaji ba ya sayen layin Masar, wai asara ce, sai ya koma masauki yake ganin saƙo. Na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Darrasa inda yake sauka. A lokacin hankalina bai tashi ba, haushin zafi kawai nake ji da tunanin yadda zan faɗa wa Bakano ya dawo da abin da ya riga ya sa wa rai. Na tarar da ɗakinsa a kulle. Sai na hau wurin Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi da ke sayar wa ɗalibai abinci, don duk Bahaushen da ya kwana a Darrasa sai ya bi ta gabanta.

"Hajiya, ina kwana. Alhaji Ɗanjuma ya biyo yau?"

"Lafiya lau, Malam Habu. Nan ya sha koko. Yana ta nuna wa mutane wata takarda mai jirgi. Ya ce bari ya kai a sa mata leda kafin gumin Masar ya ɓata ta."

Da Bamisire ne ya ji wannan magana ba zai gane komai ba, ni kuwa na gane sarai. Daga Kano har Damagaram, takarda mai daraja ba ta kwana biyu a hannunmu sai an kai ta lamineshin. Shaidar haihuwa, ta makaranta, ta fili, duk cikin leda suke, ni kaina shaidar digirina tana ciki. A wurinmu wannan shi ne girmama takarda. Amma a sana'ar nan kisan kai ne. Injin yana narkar da gam ne da zafi ya shiga cikin jikin takardar, ba ya fita, in ka matsa sai ka ɓare sai tawadar ta biyo ledar. Ko sallama ban yi wa Hajiya ba na dira ƙasa.

Darrasa cike take da shagunan hoton takardu saboda ɗalibai, kuma kusan kowanne yana da injin leda. Na shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, ina kutsawa tsakanin masu sayar da littattafai, ina tambaya, "Wani dogon Alhaji mai babbar riga, da takarda mai jirgi?" Wannan ya girgiza kai, wancan ya ce in bi layi. Rigata ta jiƙe sharkaf. Can cikin wani lungu wani mai shago ya yi dariya ya ce ya gan shi.

"Takardar ta fi ƙarfin injina," in ji shi. "Na ce in yanke tikitocin ƙasan nan ta shiga, ya ƙi."

Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har mutane suka juyo. "Ina ya nufa?"

"Na tura shi Hayyin Ashir, wurin wani Basudane mai babban inji da ke yi wa taswira."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

Ban taɓa tsanar kalma kamar yadda na tsani "ya ɗan jima" ranar nan ba. Na tare taksi ban yi ciniki ba. Mun hau babban titin da ke zuwa Madinat Nasr, inda Ashir take, ke nan muka faɗa cunkoso, irin wanda direbobi ke kashe mota su fito su sayi shayi. Na zauna, na tashi, na leƙa ta taga, na sake kiran wayar da na san a kashe take. Na kira wani tela abokina da ke Ashir ya ruga ya tare mini Alhaji, bai ɗauka ba. Direban ya ce in yi salati in huta, na ce masa salatin nake yi, hutun ne babu. Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar, na roƙa a ɗauke ta a Ashir baki ɗaya, masu firiji su yi haƙuri.

Ana cikin haka Haj ya kira. Na so in ce ina hanya kawai, amma Haj ba a yi masa kwana-kwana. Na faɗa masa abin da ake ciki.

"Ya sa ta a me?"

"Bai sa ba tukuna, in sha Allahu."

"Tun zamanin mahaifina, shagon nan bai taɓa mayar da amana a canje ba," ya ce, ya kashe.

Na biya direban na sauka a tsakiyar titi, na yi ta ratsa motoci da ƙafa har inda hanya ta buɗe, na kama wata mikrobas, daga ita na faɗa tuk-tuk, wato adaidaita. A Ashir ba wuya a sami shagon, kowa ya san Usman mai babban inji, Bahaushen Sudan ne. Tun daga bakin ƙofa ƙaurin leda mai zafi ya tare ni. Alhaji Ɗanjuma na zaune a kujerar roba yana kurɓar shayi. A kan tebur ga takardar Basha, an danne ta da wani ƙaton littafi tana hucewa, gefenta yana ƙyalli.

"A'a, Badamagare!" in ji Alhaji. "Ka biyo jirgi da ƙafa? Zo ka ga aiki. Wallahi yanzu ko a ruwa ka jefa ta."

"Alhaji, ka kashe ni!"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaci wasan da muka saba ne. Usman ma yana murmushi yana cewa, "Kwayyis, ta yi kyau, ko kumfa ɗaya babu." Sai da Alhaji ya dubi fuskata da kyau sannan ya ajiye kofin.

"Amana aka ba ka," na ce cikin fushi. "Ba ka saya ba tukuna. Wa ya ce ka taɓa ta?"

"Kai, tsaya. Na ce ina so, na ɗauka, gobe in biya. A kasuwarmu in mutum ya ce ya saya ya ɗauki kaya, ciniki ya faɗa. Kuma ɓata ta na yi? Ai gyara ta na yi."

Ya zaro wayarsa ya nuna mini hoton falonsa na Kano. Duk takardun da na sayar masa a shekara uku ga su nan jere a bango, kowace cikin leda tana walƙiya. Ni na zaɓa masa su, ni na naɗe su cikin takarda mai laushi, ina ta yi masa gargaɗin laima da hasken rana, shi kuwa yana gyaɗa kai don yana ganin ya san maganin da ya fi nawa.

"Babana shekarunsa duka a gaban wutar inji ya ƙarar da su," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da aka sallame shi aka ba shi takarda ɗaya mai sunansa. Ya adana ta a akwatin ƙarfe. Bayan rasuwarsa muka buɗe, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye, sai ɗan kunne ya rage. Yanzu babu sunansa a rubuce ko a wuri ɗaya. Tun daga nan ba na barin takarda tsirara."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na gaya masa batun Madam Su'ad, da cewa sa hannun kakanta ne, kuma yanzu haka tana jira. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙe ya gyara rigarsa.

"Mu je tare. Ni na yi, ni zan faɗa da bakina."

A hanya na kira Haj na faɗa masa aikin gama ya gama. Mun tarar da shi yana jiranmu a ƙofar benen da Madam take. Ya karɓi takardar, ya duba gaba, ya juya baya, ya ɗaga ta ga haske. Bai yi faɗa ba, bai ce ma'alish ba, wato ba komai, bai ma dubi inda nake ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Muka hau sama a jere kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Mai aikin gidan ta shigar da mu wani falo mai tsofaffin kujeru. Madam Su'ad na zaune kusa da taga, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta yi tsaf da ita. Da ta ji muryar Haj sai ta miƙo hannuwa biyu, amma ba daidai inda yake tsaye ba, ta ɗan kauce hagu. A nan na gane ba ta gani. Haj ya matsa ya ɗora mata takardar a tafin hannu.

Yatsunta ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi kusurwar ƙasa ta dama. Ta shafa. Ta tsaya. Ta sake shafawa a hankali, ta juya takardar ta gwada ɗaya kusurwar.

"Wannan ba ita ba ce," ta ce.

"Ita ce, ya Hanim," in ji Haj, da lafazin girmama babbar mace a Masar.

"Tawa tana da tambari mai tudu a nan. A gefensa kuma alƙalamin kakana ya karci takarda, don da ƙarfi yake rubutu, haka yake komai. Tun da idona ya tafi, da nan nake gane ta. Me kuka sa mata?"

Irin tambarin da take nufi ba na tawada ba ne, na ƙarfe ne da ake matsa takarda da shi har rubutu ya taso. Zafin injin da nauyinsa sun kwantar da shi, ledar kuma ta rufe sauran. Yanzu daga sama har ƙasa santsi ne kamar gilashi.

Alhaji ba ya jin Larabci sai na ciniki. Ya taɓa ni ya ce, "Me take cewa?" Na fassara masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ƙaton mutum da babbar riga, sai ga shi ya durƙusa a kan darduma gaban tsohuwar, ya ce in faɗa mata shi ne ya yi, ba shago ba, ba ni ba. Ya ba da labarin babansa da garar, ina juyawa zuwa Larabci ina tuntuɓe. Ya ce duk abin da ta yanka zai biya.

Ta saurara har ya gama. "Mahaifinsa ɗan jirgi ne?"

"Mai zuba kwal ne, ya Hanim," na ce.

"Allah ya ji ƙansa. Ka ce masa ya tashi, ma'alish. Ya kiyaye ta ne yadda ya sani."

Alhaji, don neman abin da zai yi, ya ce mini, "To karanta mata sunan mana, ta ji yana nan, bai goge ba." Na karanta, da Faransancin da Larabcin.

"Sunan na sani, ɗana," ta ce. "Hannun nake nema."

Haj ya roƙe ta ta ba shi takardar ya kai wa masu gyara, ko da yake ni da shi mun san ba abin da za su iya. Ta rungume ta a ƙirji ta ce, "Ta fita sau ɗaya, khalas, ba ta ƙara fita." Muka yi sallama. Ina waiwayawa daga ƙofa na ga ta mayar da yatsa kan kusurwar nan tana ta shafawa.

Alhaji bai tsokane ni ba ranar, bai kuma ƙara tsokanata ba sai bayan dogon lokaci. Haj bai kore ni ba, amma ya karɓe mini ikon tsaya wa baƙo, na daɗe kafin ya mayar. Alhaji yana zuwa har yanzu. Yakan sayi aljihunan da muke adana takardu a ciki, waɗanda ake zarewa a mayar, ya kuma taɓa gaya mini cewa ya daina zama a falon nan nasa da baƙi, don in ya ɗaga kai ya ga bangon ba ya jin daɗi.

Idan kun shigo aikin nan za a yi ta tsoratar da ku da ɓarayi da masu jabu. Suna nan, amma mai tantancewa yakan kama su. Wanda ba a kamawa shi ne mutumin kirki da ke son takardar da zuciya ɗaya, zai kuma kai ta gida ya yi mata gatan da aka saba yi a garinsu. Saboda haka kafin takarda ta fita ƙofa, ku tambayi mai ɗauka me zai yi da ita in ya isa, ko da sa'an babanku ne, kada kunya ta hana ku. Wanda ya kawo ta ma ku tambaye shi ta wace ce a gidan, da yadda ake riƙe ta, don bayanin da muke rubutawa ba shi da gurbin wannan. Ni da nake taƙama ina karanta takardun nan da harsuna biyu, na je na tarar wadda ta fi kowa sanin takardar Basha ba ta ganin ko harafi ɗaya a jikinta. Mu ne muka raba ta da ita, muna tsaye a gabanta muna ce mata ga ta nan a hannunki.